Lambatun Bayan Gidanmu

An haife ni a tsohuwar unguwar Zango da ke tsakiyar Wagadugu, wadda Mosawa ke kira Zangwetin. Nan ne Hausawa fatake suka sauka tun zamanin kakanni, suka yi aure, suka hayayyafa. A shekarar 2003 gwamnati ta rushe unguwar domin aikin sabunta tsakiyar gari da ake kira ZACA. Masu gidaje aka ba su filaye a wasu wurare. Mu kuwa haya muke yi, saboda haka mahaifina ya kwashe mu zuwa yammacin gari, wata unguwa da ita ma sunanta Zongo, inda ba a yanka filaye ba tukuna. Ya sayi ɗan wuri, muka buga tubalin ƙasa, muka tā da ɗaki biyu da zaure.

A bayan gidan akwai wani kwari da ruwan sama ke bi. Da rani busasshe ne, awaki na kiwo a ciki, yara na buga ƙwallo. A can ƙasa, inda hanyar mota ta ratsa, an sa masa kwalbati mai baki biyu. Kowace shekara, da zarar zafin watan Afrilu ya tsananta, sai Baba ya ɗauki shebur da kwando ya ce mini, "Tashi mu je mu buɗe wa ruwa hanya." Ni kuwa ina saurayi a lokacin, ba abin da na ƙi jini kamar wannan aiki. Wata rana na ce masa, "Baba, ai wannan aikin hukuma ne. Me ya sa kullum mu ne?" Ya dube ni ya ce, "In ruwan ya zo, ɗakin hukuma zai shiga ko naka?" Ban sami amsa ba, na bi shi ina gunaguni.

Domin mai karatu wanda bai san garinmu ba, bari in ɗan bayyana yadda ruwa ke tafiya a Wagadugu. Garin shimfiɗaɗɗe ne, ba tudu sosai, ƙasarsa kuma ja ce mai tauri, ba ta shan ruwa da sauri. Ruwan da ya sauka a unguwanni yakan gangara ta manyan lambatu, kamar na Moro Naba, da na tsakiyar gari, da na Zogona, da na Wemtenga. Akwai kuma madatsun ruwa uku da ke jere a arewacin tsakiyar gari, waɗanda muke kira baraji na 1, na 2 da na 3. Abin da ya cika ya tumbatsa sai ya bi ta dajin Bangar Weyogo, ya faɗa kogin Masili, daga can ya shiga Nakambe. Ruwan da ke bi ta bayan gidanmu ma can yake nufa. Kwarinmu ƙaramin reshe ne na wannan doguwar hanya, kuma in reshe ɗaya ya toshe, waɗanda ke samansa su ne suke fara ji a jikinsu.

A farkon 2009 ciwon baya ya kwantar da Baba. Afrilu ya zo ya wuce, shebur na jingine a zaure. Na ce sai mako mai zuwa, mako ya zo na ce sai wani. Maƙwabta su ma kowa ya zuba ido. Ba zan ɓoye ba, a wannan shekarar ni da kaina na zubar da shara a kwarin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, da dare, lokacin da ba mai gani. Kuɗin mai amalanken shara nake ƙyashi.

Ran Talata, 1 ga Satumba 2009, ruwa ya tsinke tun da asuba. Watan azumi ne, maƙwabtanmu Musulmi ba su daɗe da yin sahur ba. Da farko muka ɗauka irin ruwan da muka saba ne. Hantsi ya yi bai tsaya ba. Na leƙa bayan gida, sai na ga ruwan ya daina gudu, ya tsaya cik, yana tasowa a hankali kamar ana cika randa. Bakin kwalbatin ya cushe da leda da yashi da tsofaffin katifu, ruwa ya rasa mafita ya juyo kanmu. Mai ginin tubalin ƙasa ya san abin da wannan ke nufi. Ruwan sama a kan rufi ba ya kā da ɗaki nan da nan, amma in ya kwanta a gindin bango na 'yan sa'o'i, tubalin ƙasa sai ya jiƙe ya narke, bangon ya zauna.

Na goya Baba, Inna ta ɗauki ƙunshin takardu da bargo a ka, ƙannena suka riƙe juna, muka kutsa cikin ruwa har ƙugu zuwa makarantar firamare da ke kan ɗan tudu. Ba mu yi nisa ba muka ji ƙarar faɗuwar ɗakin Inna. Da yamma na koma, na tarar zauren kaɗai ke tsaye. Buhun geronmu ya zama kunu, keken ɗinkin Inna na ƙarƙashin laka.

Daga baya muka ji girman abin. Ma'auna sun nuna milimita 263 na ruwa cikin ƙasa da yini ɗaya, wato kusan sulusin abin da garin ke samu a shekara guda. Mutane wajen 150,000 ne ambaliyar ta shafa, gidaje fiye da 20,000 suka rushe. Ruwa ya shiga babban asibitin Yalgado Wedrawogo har aka kwashe marasa lafiya. Ya shiga ma'ajiyar finafinan Afirka ta FESPACO ya ɓata abubuwa masu daraja. Makarantu suka cika da waɗanda ba su da wurin kwana. Daga bisani aka ba wasu filaye a Yagma, can arewacin gari.

Ruwa irin na wannan rana, ko da an share kowane lambatu a garin, da sai ya yi ɓarna. Wannan gaskiya ce, kuma na daɗe ina fakewa da ita. Amma na san abin da idona ya gani. Gidajen da ke ƙasan kwalbatin, layi biyu kacal daga namu, ruwa ya ratsa tsakar gidajensu ya wuce, yawancinsu suna tsaye. Namu da ke sama su ne suka kwanta. Baba bai taɓa ce mini komai a kan wannan ba har Allah ya karɓi ransa. Shirun nasa ya fi mini faɗa zafi.

Muka sāke gini, wannan karon da harsashin siminti. Ni kuma na ɗauki shebur ba tare da an tashe ni ba. Amma shekara ɗaya ta isa ta koya mini cewa akwai abin da shebur ba zai iya ba. Za mu kwashe yashi a watan Mayu, ruwan farko ya sauko, sai ya kawo mana sharar unguwanni uku da ke sama da mu. Cikin kwalbatin kuma yashin ya daskare kamar dutse, sai da injin haƙa da babbar mota. Sai dattawan layinmu suka ce a rubuta takarda a kai wa hukuma, ni aka ɗora wa kaiwa tun da na ɗan yi makaranta.

A nan na fara fahimtar yadda aka tsara mulkin garin. A lokacin Wagadugu tana da babban magajin gari guda, a ƙarƙashinsa kuma an raba ta gunduma-gunduma, kowace da nata magajin gari da majalisa. Dā gundumomi biyar ne: Baskuy, Bogodogo, Bulmiyugu, Nongaremasom da Signogin. Daga 2012 suka zama 12, sassan gari kuma suka tashi daga 30 zuwa 55. An yi haka ne don hukuma ta matso kusa da talaka, kuma ta wani fanni ta matso. Sai dai wanda ya ja layukan a kan taswira ya bi tituna da unguwanni ne, shi kuwa ruwa gangare yake bi. Lambatu ɗaya sai ya fara a ƙasar wannan gunduma, ya ratsa ta biyu, ya ƙare a ta uku.

Na kai takardarmu wani ofis. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya karanta, ya ce, "Malam, maganarku gaskiya ce, amma kwalbatin nan a kan iyaka yake. Sharar kuma daga sama take zuwa, ba mutanenmu ke zuba ta ba." Na tafi ofis na biyu. Can aka ce mini, "Ai mu ruwan ba ya kwana a wajenmu. Inda ya toshe, can ne ya kamata su gyara." Wani kuma ya nuna mini cewa babban aiki irin wannan sai da kuɗi daga sama, su abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. Na dawo gida da takardar ta sha tambari, kwalbati na nan yadda yake.

Na yi fushi ƙwarai a ranar. Amma da na kwanta na yi tunani, sai na ga ba wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu. Kowa ya faɗi gaskiyar yankinsa. Na kuma tuna cewa maganar da suka yi mini, ita ce na yi wa Baba shekarun baya: wannan ba aikina ba ne. Na sama yana ganin in ya zuba shara ruwa ya tafi da ita, to ta ƙare. Na ƙasa yana ganin don me zai kashe kuɗinsa a kan dattin wani. Haka abin yake har tsakanin ƙasashe. Idan madatsar Bagre ta cika aka buɗe ƙofofinta, gonakin arewacin Gana ne ke shan ruwa. Shi ya sa ƙasashe shida da ke kan kogin Bolta, wato Burkina Faso, Gana, Mali, Togo, Benin da Kodibuwa, suka kafa hukumar haɗin gwiwa wadda hedkwatarta ke nan Wagadugu. In ƙasashe masu tuta da soja sun ga ya wajaba su zauna a kan ruwa ɗaya, gundumomin gari guda ba su da hujjar ƙin zama.

Ba na cewa hukuma ba ta yin komai. Tun 1995, zamanin magajin gari Simon Kompawore, aka kafa rundunar mata masu koren riguna da ke share manyan tituna da sassafe. A 2014 aka yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa. An kuma tsawaita lambatun Moro Naba da taimakon Bankin Raya Ƙasashen Afirka. Amma gina lambatu aiki ne na sau ɗaya, ana yanka kyalle, ana ɗaukar hoto. Yashe shi kuwa aiki ne na kowace shekara, ba mai tafa wa wanda ya yi. A 2022 ma aka rushe zaɓaɓɓun majalisu aka naɗa wakilai na musamman. Masu kujera sun sāke, yashi bai fasa taruwa ba.

Abin da na koya, kuma nake roƙon masu iko su duba, ba shi da wuyar faɗa. Na ɗaya, a ɗauki lambatu daga kansa har ƙarshensa a matsayin abu guda, a rubuta sunan wanda ke da alhakin kowane yanki nasa, har da kwalbatin da ke kan iyaka, a manna inda kowa zai gani. Na biyu, gundumomin da yake ratsawa su sa rana ɗaya, kafin ruwan farko, su fara daga ƙasa su hau sama, don in na ƙasa bai buɗe ba, aikin na sama banza ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, a raba kuɗin aikin har da na sama, tun da yashinsu da ledarsu ne ke sauka. Na huɗu, a samar wa unguwanni irin tamu wurin zuba shara. Muddin babu juji kusa, mace mai goyo ba za ta yi tafiyar rabin sa'a da bokiti ba, kwari za ta nufa. Ruwan da ke kwanciya kuma shi ne gidan sauro, mun ga abin da zazzaɓin dengi ya yi wa garin nan a 2023.

Mu dai ba mu zauna jira ba. Da muka ga ofisoshi ba za su haɗu da kansu ba, sai muka fara haɗa mutanensu. Na bi kwarin da ƙafa har sama, ina sallama gida-gida. Wani dattijo Bamoshe da na tarar a ƙofar gidansa ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗana, wallahi ban taɓa sanin inda sharar nan ke tsayawa ba." Na ce, "Baba, a ɗakin mahaifiyata ta tsaya." Ya yi shiru, sannan ya kira jikokinsa. Ranar gayyarmu ta farko, Hausawa da Mosawa da Fulani, Kirista da Musulmi, muka shiga kwarin tare, mata suka dama fura. Shekara ta gaba muka rubuta takarda ɗaya, mutanen sama da na ƙasa suka sa hannu, muka kai kwafinta ofisoshin biyu a rana guda, dattawan kowane ɓangare na gaba. Wannan karon ba wanda ya tura mu wani wuri. Bayan makonni aka turo injin ya fasa yashin kwalbatin cikin yini ɗaya.

Ba kowace shekara injin ke zuwa ba. Wani lokaci sai mun yi ta zarya, wani lokaci ruwa ya riga shi. Gayyar kuwa ba mu fasa ba. Shebur ɗin Baba na nan, na sāke masa ƙota sau biyu. Bara da zafin Afrilu ya tsananta, na tā da babban ɗana na ce mu je mu buɗe wa ruwa hanya. Ya ɓata rai ya ce, "Baba, ai wannan aikin hukuma ne." Na ce masa haka ne, nasu ne, shi ya sa jibi za mu kai musu takarda, shi ma zai raka ni. Yau dai ya ɗauko kwandon.