Aladun Daji a Texas: Me Ya Sa Farauta Ta Kasa Ƙarar da Su?

Ni ɗan manomi ne, shi ya sa tun da zama ya kawo ni jihar Texas ta Amurka nake yawan hira da masu gonaki. Kukansu ɗaya ne: aladun daji. Mutum ya shuka masara da rana, su bi kunya-kunya da dare su tone irin. Wani maƙwabcina sau biyu yana sake shuka a shekara guda.

Waɗannan dabbobi ba 'yan asalin ƙasar ba ne. Turawan Sifaniya ne suka shigo da aladu Florida a 1539, wasu suka tsere daji suka yi ta hayayyafa. Yau an kiyasta sun haura miliyan 6 a Amurka, kuma Texas ce ta fi kowace jiha yawansu. Mace ɗaya kan iya haihuwa sau biyu a shekara, 'ya'ya biyar ko shida kowane karo. Masana sun ce sai an kashe kusan kashi biyu cikin uku duk shekara kafin yawansu ya tsaya cik.

Texas ta zaɓi sakar wa mafarauta mara. A 2011 ta ba su damar biyan kuɗi su yi harbi daga jirgi mai saukar ungulu. A 2019 ta cire sharaɗin lasisi, muddin mai fili ya yarda. Amma har yau manoma na kuka.

Abin da na lura shi ne, farautar ta zama sana'a. Akwai masu filayen da baƙi ke biyansu don su yi harbi. Wanda ke cin abinci da alade, yaya zai so alade ya ƙare? An ba kura ajiyar nama ke nan.

Jihar Tennessee ta ɗanɗana wannan. Da ta buɗe farautar a 1999, sai wasu suka riƙa ɗaukar aladun a mota suna sakinsu a sababbin wurare don su samu abin harbi kusa da gida. A 2011 ta soke farautar nishaɗi. Missouri ma ta hana ta a filayen hukumar kula da namun dajinta a 2016, ta koma kama garke sukutum da babban tarko, domin harbi ɗaya kan tarwatsa garke, sauran su ƙara wayo.

Ina bayan wannan tsari, amma da sharaɗi. Manomin da aka shigar wa gona cikin dare ba zai jira ma'aikaci ya zo bayan mako biyu ba. A bar masa damar kare amfaninsa, a hukunta mai safarar aladu da rai, a kuma kawo tarko da wuri. In hukuma ta hana farauta ta kuma yi jinkirin zuwa, manomi ne zai yi asarar shekararsa.