Makamin da Ya Hau Sama Ya Ƙi Saukowa

Duk ɗalibin da ya taɓa hawa mota daga PZ zuwa Samaru ya wuce ta gaban Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Palladan, wadda kowa ke kira Abiyeshan. Tun 1964 take nan, ƙananan jiragenta na shawagi a kanmu safe da yamma. Da yawanmu mun girma muna ɗaga kai muna kallonsu, amma mun san kuɗin karatun matuƙi miliyoyi ne, ba na ɗan talaka ba. To, wanda bai samu doki ba ai ya hau kara. Mu biyar ne, uku daga nan makarantar, ɗaya daga jami'a a Samaru, ɗaya kuma mai gyaran waya a Sabon Gari. Duk Asabar muna haɗuwa a wani shagon gyaran kwamfuta a PZ, mu yi karo-karo mu sayi man janareta, mu tuƙa jirgin yaƙi a allo.

Ba irin wasan da kake dannawa a waya kana jiran lakcara ba ne. Wasannin kwaikwayon jirgin yaƙi irin su DCS World da Falcon BMS da War Thunder, kowanne da magoya bayansa a duniya, kuma wasunsu tayar da injin jirgin kaɗai sai ka bi maɓallai sun fi ashirin a jere. Wanda ke kan kwamfutar Oga mai shago yana da sandar tuƙi guda ɗaya tal, ta gwanjo, sai mu riƙa karɓa-karɓa. Abin da ya fi jawo mana gardama kuwa shi ne makami mai linzami, wanda jirgi ke harba wa jirgi.

Bari in ɗan yi bayani, don wanda bai sani ba. Makaman nan iri uku ne. Akwai mai bin zafi, kamar AIM-9 Sidewinder na Amurka. Idonsa na neman zafin injin jirgin da ke gaba ne. Akwai wanda ba shi da fitilar kansa, kamar AIM-7 Sparrow ko R-27R na Rasha. Dole jirgin da ya harba shi ya ci gaba da haska abokin gaba da radarsa har makamin ya isa, in ka juya ka gudu, shi ke nan ya makance. Na uku, irin su AIM-120 da R-77, yana da 'yar ƙaramar rada a hancinsa. Da farko uban gidansa ke nuna masa hanya, in ya matso kusa sai ya buɗe idonsa ya ƙarasa da kansa.

Abu biyu ne mutane ba su cika sani ba. Na farko, rokar makamin ba ta daɗewa tana ci, 'yan daƙiƙoƙi ne ta mutu. Sauran tafiyar duk da guzurin gudun da ya samu yake yin ta, kamar dutsen da aka jefa da majajjawa, kuma kowace kwana da ya yi tana cin wannan guzurin. Na biyu, ba bayan jirgi yake bi ba, gabansa yake tara. Ka lura da ɗan acaɓa a shataletalen PZ: in ka ga wani babur yana tahowa ta gefe, yana ƙara girma a idonka amma bai matsa gaba ko baya ba daga inda kake ganinsa, wallahi karo za ku yi. Makamin yana gyara hanyarsa ne don ya tsayar da jirgin a wuri ɗaya a idonsa, har su gwabza.

Matsalarmu ta fara ne bayan wata sabuntawa da ta cinye mana datar wata guda. Makamai suka fara abin da ba mu gane ba. Mutumina mai gyaran waya, duk harbin da ya kuskure sai ya ture sanda ya ce, "Oga, wannan wasan ya lalace, bog ne kawai!" Ɗan jami'a kuma sai ya gyara tabarau ya ce, "Malam, ba bog ba ne, haka abin yake a zahiri, je ka karanta." Har ta kai sati biyu ba sa gaisawa sosai, a kan makamin da babu shi a duniya sai a allo.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kowannensu rantsuwa yake yi, babu mai hujja. Sai na ce mu daina musu mu gwada. Na yage bayan littafin lakcata, na ja layuka, muka ware halaye uku da ake ƙorafi a kansu.

Na ɗaya, makami mai rada yakan saki jirgi da zarar jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa ya ba shi gefe. Wannan ba tangarɗa ba ce, ilimin fiziks ne. Rada irin wannan tana bambanta jirgi da ƙasa ne ta saurin da abu ke tunkaro ta, kamar yadda ƙarar hon ɗin mota ke sauyawa in tana tahowa da in ta wuce. In jirgi ya gitta a kaikaice, saurin kusantowarsa ya zama daidai da na ƙasar da ke bayansa, sai radar ta zubar da shi tare da tarkace. Ɗan jami'a ya ci wannan.

Na biyu, mai bin zafi yakan bar jirgi ya bi ƙwallon wutar da matuƙi ke watsowa. Shi ma haka yake, don wannan aikin aka ƙera ƙwallon.

Na uku shi ne mai ban mamaki. In ka harba daga nesa, makamin yakan fara hawa sama tukuna. Wannan dabara ce ta gaske, domin iskar sama ba ta da kauri, ba ta cin gudunsa sosai, daga can sai ya yo ƙasa kamar shaho ya hango ɗan tsako. Amma namu in ya hau ba ya saukowa. Sai ya bi ta saman jirgin ya wuce abinsa, kamar wanda aka aika kasuwa ya manta saƙo. Muka sa jirgin abokin gaba ya tafi miƙe, ba kwana, ba kariya, tsayi ɗaya, gudu ɗaya. Nisa kaɗai muke sauyawa, kowane nisa harbi 10. A kusa duk yana samu. Da mun haura wani nisa, sai ya hau ya ɓata, kowane karo. Nan Oga ya tuna yana da tsohon wasan a wani faifai da bai goge ba. Muka ɗora shi, muka maimaita komai yadda yake, makami ya hau, ya sauko, ya daki jirgi. Mai gyaran waya ya miƙe yana ta "Ban faɗa muku ba?" Ɗan jami'a ya miƙa masa hannu. Biyu da ɗaya aka tashi, kuma takarda ce ta raba gardamar, ba ƙarfin murya ba.

Muka rubuta wa masu wasan rahoto: ga irin jirgin, ga makamin, ga tsayi da nisa, ga abin da ya kamata ya faru, ga abin da ya faru, ga yadda za ku maimaita da kanku. Ba mu kaɗai muka kai ƙara ba, kuma bayan 'yan watanni aka gyara.

A tsakiyar wannan ne labari ya kai wa yayana, wanda shi ke biya mini kuɗin makaranta daga ɗan abin da yake samu a ɗinki. Ya kira ni ya ce, "Kai, ashe gem kake zuwa bugawa a PZ? Ni ina nan ina taka keke har dare?" Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, bari in nuna maka." Na kai masa takardun nan masu layi-layi. Ya juya su ya sake juyawa, ya ce shi bai ga jirgi a ciki ba, lissafi ya gani. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar da sakamakona ya yi ƙasa, ranar na bar PZ. Na amince, kuma har yau sharaɗin na nan a wuyana.

Abin da na so in gaya masa, bakina bai iya ba, shi ne makaman gaske ma haka suke ba masu su kunya. A yaƙin Biyetnam, Amurka ta harba Sparrow sama da 600, waɗanda suka kakkaɓo jirgi ba su kai 60 ba, wato ƙasa da ɗaya cikin goma. A filin gwaji makamin gwani ne, amma zafi da laima da jijjigar sauka da tashi sun lalata da yawa, wasu kuma matuƙan ne ke harba su a inda ba za su iya kaiwa ba. Sai da sojan ruwansu suka zauna suka bi abin dalla-dalla, binciken da ya haifar da makarantar nan ta Top Gun a 1969. Ko a 18 ga Yuni 2017, wani F/A-18 na Amurka ya harba wa Su-22 na Siriya sabon samfurin Sidewinder daga kusa, ya kuskure, sai da ya bi shi da AIM-120.

Wanda ya fi taɓa ni, a matsayina na ɗalibin kwamfuta, shi ne na Dhahran a Saudiyya, ranar 25 ga Fabrairu 1991. Na'urar kariya ta Patriot tana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wanda ya yi darasin lissafin sifili da ɗaya ya san 0.1 ba ta rubutuwa cif a wannan tsari, dole a datse wutsiyarta. Ɗan abin da aka datse ya yi ta taruwa, bayan kimanin awa 100 na'urar tana kunne, agogonta ya kauce da kusan 0.34 na daƙiƙa. A wannan ƙiftawar ido makamin Scud ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda ba ya nan, ta ɗauka ba komai, ba ta harba ba. Sojoji 28 suka mutu. Wutsiyar lamba ce fa, irin wadda muke tsallakewa a jarrabawa mu ce ai maki ɗaya ne.

Kada kuma wani ya ce wannan labarin ƙasashen nesa ne. A 2021 sojan samanmu sun karɓi JF-17 guda 3 da Super Tucano guda 12, ga jirage marasa matuƙa da ake sarrafawa ta allo. Mu 'yan jihar Kaduna ba mu manta daren 3 ga Disamba 2023 ba, lokacin da jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, aka binne mutum aƙalla 85. Allah ya jiƙansu. Rundunar ta amsa cewa kuskure ne. Tun daga ranar, in na ga ɗigo a allon wasa, nakan tuna akwai inda ɗigon nan mutum ne mai 'ya'ya, kuma wanda ke gaban allo dole ya san iyakar abin da na'ura ke iya gaya masa.

Yawancinmu ba makami za mu ƙera ba. Amma a cikinmu akwai wanda zai rubuta manhajar da ke riƙe bayanan majinyata, da wanda zai lissafa ƙarfen gada, da wadda za ta haɗa wayar wutar wani gida. Mun san yadda ake yi lokacin furojet: wasu su kwafo kod daga intanet, wasu su saya a shago, da ya kunnu sau ɗaya a gaban malami sai a ce an gama. Ya kunnu ba ya nufin yana daidai. Makaminmu ma ai yana tashi lafiya ƙalau, hayaƙinsa gwanin kyau, saukowar ce babu. Tambayoyin da ke raba gwani da ɗan koyo uku ne: in na sauya abu ɗaya me zai faru, zan iya maimaita matsalar, kuma laifin na'ura ne ko haka duniya take?

Shi ya sa nake miƙa roƙo ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai. A nema mana izinin amfani da ɗakin kwamfuta ko da yammacin rana ɗaya a mako, a kafa zauren gwaji inda kowa zai kawo aikinsa, sauran su yi ƙoƙarin karya shi su rubuta rahoto. 'Yan injiniya su zo, 'yan lissafi su zo, 'yan'uwanmu mata su zo, don shagon PZ ya yi musu nisa kuma ya yi ƙunci. Ba ma neman sandar tuƙi. Wuta, kujera da littafi mai layi sun isa a fara. Gara abokinka ya gano ramin da ke aikinka yau, ku yi dariya, da majinyaci ya faɗa cikinsa gobe.