Daga Maiyama Zuwa Aliero, Da Labarin Wani Ba'are

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in gaya wa 'yan'uwa abin da na ji a wata tafiya da na yi cikin ƙasar Gwandu.

Na tashi daga Maiyama da sassafe, ban tsaya ba sai Jega. Wanda ya san labarin dā ba ya shiga kasuwar Jega bai tuna da fatake ba, gama nan ce babban zango a hanyar Gwanja, inda ayarin goro ke sauka. A zamanin nan ba mai tambayar madugu takarda, sai dai ya biya fito da kuɗin zango ya wuce.

A tasha na sami mota mai zuwa Aliero, garin albasa da masu ɗori. Kusa da ni akwai wani dattijo, na gaishe shi, na ce, "Baba, daga ina?" Ya ce daga Ankara, ya kai albasa, yau kwana goma sha ɗaya yana hanya. Na yi mamaki, sai ya fito da fasfo ya miƙo mini. Na Nijar ne, ranarsa ta wuce da wata biyu.

Shi Ba'are ne, haifaffen Dogondutsi, amma shekararsa talatin a Aliero. Can ya yi aure, can gonarsa, can ya binne uwarsa. Da ya iso kan iyaka ya nuna katinsa na izinin zama, aka ce ya kawo fasfo. Aka duba, aka ce ya mutu. Ya ce, "Ai gida zan koma." Aka amsa masa katin shaida ne an yarda ya zauna, amma ba shi ke buɗe ƙofa ba. Sai da ya juya Kwatano, jakadan ƙasarsu ya ba shi takardar wucewa. Ribar albasa duk ta ƙare a kuɗin mota da masauki.

Ni akawu ne, ban ga laifin ma'aikacin ba, abin da aka rubuta masa ya bi. Amma abin ya tsaya mini a rai, gama Arewa ɗaya ce kafin Ingilishi da Faransa su raba ta da yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda mutumin yankin ya shiga ba biza har kwana 90, amma da sharaɗin takardarsa tana da rai. Ga shi kuwa Nijar ta fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu, 2025, watau mutum irin wannan dattijo ya kamata ya ƙara lura.

Na gaya masa abin da bai sani ba. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 27, ya ba wanda ya zauna shekara 15 a jere damar neman zama ɗan ƙasa, kadan ya cika sauran sharuɗɗa. 'Ya'yansa kuwa, tun da uwarsu mutuniyar Aliero ce, sashe na 25 ya riga ya mai da su 'yan Nijeriya. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ashe a gidana ni kaɗai ne baƙo."

Muka iso Aliero da la'asar, warin albasa ya tarye mu tun daga bakin gari. Yara uku suka sheƙo suka karɓi jakarsa. Roƙona ga malamai da akawuna shi ne, wanda ke da maƙwabci irin wannan ya karanta masa ranar da ke jikin fasfonsa kafin ya ɗaura kaya, gama dattijon nan ba ya karatun boko, kuma ba wanda ya taɓa duba masa.

Naka,
Wani Akawu, Maiyama.