Kama Da Wane Ba Ta Wane: Katin Hoto a Ƙauyukan Jazira

A cikin kwamfutar da ake tace bidiyo da ita akwai wani sashe da Hausa ba ta gama raɗa masa suna ba. Masu gyara a Kano sukan kira shi da sunansa na Turanci, marubuta su ce katin hoto, a kasuwannin Sudan kuwa sunan Larabci ake ji, kart asshasha, wato katin allo. Aikinsa lissafin launi da hasken kowane ɗigo da ke bayyana a fuskar kwamfuta, ta hanyar dubban ƙananan ma'aikatan lissafi masu aiki lokaci guda, kamar taron gayya a gona.

Kalmar kati ta dace da na kwamfutar tebur, domin falle ne da ake sokawa a gurbinsa, a zare shi in an ga dama, yana ɗauke da fankokinsa. Na kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa galibi a like yake da uwar allo, ba ya fita, ba a musanya shi. Ga shi kuma kamfanin Nvidia, tun daga 2016, ya bar ƙara harafin M da ke bambanta na tafi-da-gidanka, sai lamba ɗaya ta hau kan abubuwa biyu.

Wannan batu ya isa har ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu. Mutanen nan jikokin mahajjata ne da masu hijira. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Maiwurno kudu da Sennar. Wasu sun tsaya neman guzurin Makka a gonakin auduga, bayan da madatsar Sennar ta fara shayar da Jazira a 1925, har zama ya kama su.

A ɗaya daga waɗannan ƙauyuka akwai wani saurayi mai ɗaukar bidiyon biki da suna. Idan babu aiki, yakan zauna gaban tsofaffi ya naɗi labarin yadda kakanninsu suka keto Borno da Wadai da Darfur a ƙafa, cikin wata Hausa da ta sha Larabci amma ba ta saki tsoffin kalmominta ba. Tsohuwar kwamfutarsa takan kwana tana haɗa bidiyon awa guda. A 2022 yayansa da ke aiki a Saudiyya ya yi masa waya.

"Ƙanena, na ga biyu, duk an rubuta musu RTX 3060. Ɗaya ta tebur, ɗaya ta jaka. Wacce zan aiko?"

"Yaya, ka ba ni kwana biyu in bincika. Kuɗin guminka ne, ba na so a yi sayen kura a rami."

Abin da ya gano ya ba shi mamaki. Na tebur yana da ma'aikatan lissafi 3,584, na tafi-da-gidanka 3,840. A takarda ƙaramin ya fi yawa. Amma na tebur yana shan wuta wat 170, yana da ma'ajiyar hoto gigabait 12, ɗayan kuwa gigabait 6 ne, wutarsa tsakanin wat 60 da 115, gwargwadon abin da maƙerin kwamfutar ya ƙayyade. Ma'aikata da yawa ne, amma an rage musu abinci. Har ila yau kwamfutoci biyu na jaka masu lamba ɗaya suna iya shan bamban, idan ɗaya siririya ce da aka taƙaita wa wuta don kada ta yi zafi.

A saman jerin wancan lokaci tazarar ta fi haka faɗi. RTX 4090 na tebur, wanda ya fito a Oktoba 2022, yana da ma'aikata 16,384 da gigabait 24, yana jan wat 450. Takwaransa na tafi-da-gidanka yana da 9,728 da gigabait 16, iyakarsa wajen wat 150. Wannan adadi na 9,728 shi ne na RTX 4080 na tebur. Wato ƙane ne aka sa wa rigar wa.

Sanadin duk wannan zafi ne. Duk wutar da kati ya sha zafi take komawa, kuma dole a fitar da shi. Akwatin tebur yana da fili da manyan fankoki, kwamfutar jaka kuwa kaurinta bai wuce yatsa biyu ba. Da zarar zafi ya kai iyaka, katin yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A Jazira, inda bazara ke haura digiri 40, ƙura kuma ke toshe kafofin iska, wannan ragi yakan zo da wuri.

Da ƙarfi kaɗai ake dubawa, da magana ta ƙare, ta tebur ta yi nasara. Sai dai ƙarfi yana da sharaɗi. Ko da yake madatsun Sennar da Rusairis suna kan wannan kogi, wutar ƙauye tana zuwa ne tana tafiya. Idan ta ɗauke ana tsakiyar haɗa bidiyo, ta tebur takan mutu nan take, aikin ya koma farko. Ta jaka tana da batir. Gudunta yakan ragu sosai in an cire ta daga wuta, amma takan ba mutum damar adana abin da ya yi, kuma ƙaramin tsarin sola yana iya ciyar da ita.

Saurayin ya zaɓi ta jaka, amma ya roƙi yayansa ya duba yawan wat kafin lamba, ya ɗauki mai kauri mai faffaɗan kafofin iska. Ya san ya sayar da wani kaso na gudu ya sayi tabbas. A Disamba 2023, da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun shekarar ya iso Wad Madani, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka. Muryoyin tsofaffin nan sun fita a cikin jakar baya, wasunsu kuwa masu su sun riga mu gidan gaskiya.

Ga ɗalibin Hausa akwai aiki a nan. Idan katin hoto ya zauna a matsayin suna, sai a riƙa bin sa da bayani, na tebur ko na tafi-da-gidanka, a kuma ambaci wat da gigabait. Mai fassara da ya tsaya ga lambar da ke jikin kwali ya bar mai karatunsa a hannun mai shago.