Injin waifa ya fitar da ni kunya

Ƴan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Legas, musamman masu furojet, ku matso kusa.

Babbar mota mai rimot nake haɗawa. Sarbo, wato ɗan injin da ke juya sitiyari, sau biyu ina saye yana ƙonewa, tayoyin sun fi ƙarfinsa. Kuɗin Baba kuma sun kusa ƙarewa, ga difens saura sati uku.

Sai na tafi Ladipo na sayo injin waifar mota na gwanjo, mai bolt 12. Ƙarfi kam ba a magana. Na ɗaura masa fotenshiyomita a kan sandar don Arduino ya riƙa sanin inda ta tsaya, na haɗa da BTS7960 mai juya shi hagu da dama.

Wallahi daren farko na juya wayoyin fotenshiyomitar. Maimakon ya tsaya a tsakiya, sai ya yi ta gudu har ya karya ta. Ƙarfe biyun dare, ɗan ɗakinmu yana ta dariya.

Washegari na sayi wata, na musanya wayoyin biyu na gefe. Yanzu ko na riƙe tayar da hannu, sai ta ƙwace.