Ɗana, Ja Waya Kafin Ka Zargi Abokin Wasa

Ɗana, labari ya iso ni cewa ka gawurta a gem, har kana karawa ta intanet da mutanen da ba ka taɓa gani ba. An kuma ce da zarar hoto ya daskare ana tsaka da wasa sai ka hau faɗa, ka ce abokin karawarka ne ya yi maka maguɗi. Na daɗe ina ja wa ofisoshi wayar intanet, don haka zauna ka ji.

Sauke fim gudu yake so, amma gem daidaito yake nema. Duk dannawar da ka yi ɗan saƙo ne da zai je ya dawo, kuma tsawon wannan kai-komo shi 'yan gem ke kira ping. Wi-Fi ta iska yake tafiya, iska kuwa ta kowa ce. Mahaifiyarka na kallon bidiyo, rautar maƙwabta na aiki a layin 2.4 GHz ɗin da kake kai, ga bangon bulo da ƙofar ƙarfe tsakaninka da rautar da ke falo. Saƙo ya salwanta a hanya, a sake turo shi, kafin ya iso an zura maka ƙwallo. Waya kuwa hanyarka ce kai kaɗai.

Juya na'urarka ka duba bayanta. PS4 da PS5 da Xbox duk suna da ramin LAN, waya kawai za ka soka. Nintendo Switch ta 2017 ce mazauninta ba shi da shi, sai ka sayi adafta ka soka a ramin USB. Sai a samfurin OLED na 2021 aka saka ramin. Mu abin ba baƙo ba ne a wurinmu: PS2 ta farko ma sai da aka riƙa ɗaura mata adafta a baya, kafin siririyar ta 2004 ta zo da raminta.

Idan za ka kasuwa, ka tuna araha ba ta ado. Ba kowace adafta Switch ke karɓa ba. Nemi mai ɗauke da cif ɗin AX88179, ko ka tafi da na'urar a gwada a gabanka. Wayar ta zama Cat5e ko Cat6, tana kai mita 100 ba ta gaza ba. Duba ɗan harshen roba da ke kanta, domin in ya karye waya ba ta zama a rami. Ka kuma sani yawancin ƙananan MiFi na aljihu ba su da wurin soka waya, sai rauta babba. Bi da wayar ta jikin bango, ka sa ta a bututu saboda ɓera, kada ka shimfiɗa ta inda ƙannenka za su yi tuntuɓe. In hadari ya haɗu ana walƙiya, zare ta, ka kashe soket.

Kada kuma ka ɗora wa waya abin da ya fi ƙarfinta. Daga ɗakinka zuwa rauta kaɗai take gyarawa. In sabis ya cushe da dare, ko uwar garken wasan tana can Turai, sai haƙuri. Ka kashe sauke sabuntawa ta atomatik, in ba haka ba datar gida ta wata guda za ta ƙare kana barci.

Babban dalilina kuwa haƙƙi ne. A wasanni irin Super Smash Bros. Ultimate na 2018, na'urarka da ta abokin karawarka kai tsaye suke magana, shi ya sa mai tsara wasan, Masahiro Sakurai, ya shawarci 'yan wasa su yi amfani da adaftar waya. In layinka na rawa, abokin karawarka ma nasa hoton daskarewa yake. Wani bawan Allah ya ware lokacinsa, ya sayi datarsa, kai ka ɓata masa, sannan ka bi shi da zagi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gyara naka ɓangaren tukuna, in an cinye ka bayan haka ka ce ya fi ka iyawa, ka sake shiri.

In an kira salla ko an aike ka, ajiye wasan ka tashi. Allah Ya yi maka albarka.