Wasiƙa Zuwa Ga Aminina: A Saya Masa Magagari Tukuna

Aminina,

Saƙonka ya iso ni, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa Auta ya zauna a maƙera, ya kama aikin azurfa da gaske. Allah ya yi masa albarka. Ka ce ya matsa maka ka saya masa injin gogewa na lantarki. Ni dai shawarata, ka dakata da wannan tukuna, ka nemo masa magagarai masu kyau.

Inji yana cin azurfa da sauri, hannun ɗan koyo kuwa bai san inda zai tsaya ba. Kafin ya ankara zobe ya sirance ta gefe guda, sai dai a sake narkarwa. Shi magagari, duk inda ƙarfe ya yi tudu ko kwari yatsa yana ji.

Ka tuna maƙeran Agadas masu yin abin wuyan nan da Faransawa ke kira Croix d'Agadez? Da kakin zuma suke fara siffanta shi, su lulluɓe da yumɓu, su gasa kakin ya tsiyaye, sannan su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Idan aka fasa yumɓun, abin da ke fitowa baƙi ne ƙirin, duk kaushi, ba za ka ba da ko sisi a kansa ba. Maƙeri zai danne shi a kan ɗan gungumen icce, ya bi kowane gefe da magagari har kusurwoyi su miƙe, sannan a zo zane. Wallahi mafi yawan kyan da muke gani a wuyan mata, a wannan zaman ake samo shi.

Ka gaya masa haƙoran magagari gaba suke ci. A tura da nauyi, a ɗaga a dawo. Masu kai da kawowa kamar suna yankan katako, kashe haƙoran kawai suke yi. Ba sai ya tara da yawa ba: mai faɗi na shafe bayan munduwa, mai rabin da'ira na cikin zobe, mai kusurwa uku na tsaga, sai 'yan sirara na shiga lungun 'yan kunne. Idan kun dace da na Suwizalan, irin na garin Vallorbe, za ku ga lamba a jiki, daga 00 mai kaushi zuwa 6 mai laushi. Da mai kaushi ake fitar da siffa, mai laushi ya share sawun na farko, samfefa ta ƙarasa. Kada ya tsallake mataki, don ƙarcen da aka bari yakan fito fili ne bayan an gama ƙyalƙyalawa.

Ya riƙa shafa musu alli don kada gari ya toshe haƙora, kada kuma ya zuba su wuri guda suna gugar juna. Wanda ya taɓa baƙin ƙarfe, a raba shi da na azurfa. Garin da ke zuba kuma dukiya ne. Ya shimfiɗa fata a ƙarƙashin hannunsa ya tara, ya bi shi da maganaɗisu ya tsince ɓarɓashin ƙarfe kafin ya narkar. Tsohon liyari mai shekarar 1780 a jiki, wanda iyayenmu ke narkarwa su yi kayan ado, nauyinsa giram 28 ne kawai, ka ga kuwa abin da ake auna shi haka ba a barin sa a ƙasa.

Don Allah kafin ku saya komai, ka je ka gaida maigidansa, ka ji ta bakinsa, shi ya san hannun yaron. Ka gaishe mini da Hajiya da yara, ka ce wa Auta ina jiran zoben farko da zai gama da hannunsa, zan saya.

Wassalam,
Naka amini.